“Ba ya cin komai”: tsakanin zaɓen abinci da tamowa

Da hantsi ne, kwana tara da yaye ɗana na biyu. Surukata ta zauna a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da shi a cinya, ta danne hannayensa da gwiwar hannunta. Ta tara tafinta a bakinsa, ta tsiyayo koko daga moɗa, ta toshe masa hanci da yatsu biyu. Duk buɗe bakin da zai yi don neman numfashi sai koko ya wuce. Yana shure-shure yana ƙwarewa, ita kuwa tana lallashinsa: “Haba maigidana, haɗiye mana, dubi yadda ka koma.” Ina tsaye riƙe da zanin goyo, kunya ta hana ni magana. Da ta gama ta ɗago ta ce, “Haka na yi wa ubansa, ga shi nan ƙato.” Ƙauna ce ta sa ta, da kuma tsoro, domin ta binne ’ya’ya biyu kafin su kai shekara uku, kuma dukkansu da ƙin abinci suka fara.

Na daɗe ina juya wannan safiya a raina. Hajiya tana da hujjar jin tsoro, amma hanyar da ta bi tana da haɗari. Abin da na fahimta daga baya shi ne, maganar nan da iyaye mata ke yi a gidan suna da layin asibiti, “ba ya cin komai,” yara iri biyu ne a ƙarƙashinta. Akwai yaro mai ƙoshin lafiya da ya shiga shekarun zaɓen abinci, wanda idan aka matsa masa sai abin ya ƙaru. Akwai kuma yaron da ciwo ko tamowa suka kashe masa sha’awar abinci, wanda idan aka ce a ƙyale shi zai ci in ya ji yunwa, an yi masa illa. Kukan iyayensu iri ɗaya ne, maganinsu ya sha bamban, kuma yawancin kuskurenmu daga haɗa su wuri guda yake tasowa.

Yaro mai lafiya yana rage ci bayan ya cika shekara saboda jikinsa ya rage gudu. Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 3 yakan kai kilo 9 zuwa 10 a ƙarshen shekarar farko, wato ya ninka kansa sau uku. A shekara ta biyu gaba ɗayanta kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa. Tsawo ma haka: kusan santimita 25 a shekarar farko, kusan rabin haka a ta biyu. Uwar da ta saba ganin yaro yana cika hannu wata bayan wata, sai ta ga kumatun sun zube, wuya ya fito, ƙafa ta miƙe, hankalinta ya tashi. Sau da yawa ba rama ba ce, jikin jariri ne ke komawa jikin yaro mai tafiya. Ga shi tumbin kansa ƙarami ne. Lissafin da masana abincin yara ke amfani da shi shi ne kimanin giram 30 a kan kowane kilo na nauyin yaro, don haka mai kilo 10 abin da cikinsa zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofin shayi guda da ’yan kai ba. Mu kuwa sai mu zuba masa malmalar da za ta ishi yayarsa ’yar shekara bakwai, ya ci kashi ɗaya cikin uku, mu ce bai ci ba.

Sai kuma ƙyamar baƙon abinci, wadda takan yi ƙarfi daga wajen shekara biyu zuwa shida. Ana haifar ɗan Adam da son zaƙi da gudun ɗaci, kuma daidai lokacin da yaro ya fara yawo shi kaɗai yana kai komai baki, sai wannan taka-tsantsan ya ƙaru a jikinsa. Masana da dama na ganin kariya ce daga cin abin da zai cutar. Shi ya sa yaron da yana wata takwas yake lashe miyar kuka, yana shekara biyu zai iya tsince kowane koren ganye daga faten da aka ba shi ya jera a gefen kwano. Wani bincike da aka yi kan tagwaye a Ingila, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa gado yana da babban kaso a bambancin da ke tsakanin yara wajen zaɓen abinci. Na so a ce kowace uwa ta ji wannan, domin a gidajenmu da zarar yaro ya ture kwano sai ido ya koma kanta: ta sangarta shi, ko ba ta iya girki ba. ’Ya’yana uku tukunya ɗaya ta raine su, ɗaya ne kawai ya ba ni wannan wahala.

Ko babba ma yana da abin da ransa ba ya so. Ya zo a hadisi cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo bai ci ba, da aka tambaye shi ko haramun ne ya ce a’a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa bai karɓe shi ba, Khalid bin Walid kuma ya ci a gabansa. Idan rashin sabo uzuri ne karɓaɓɓe ga manya, ban ga dalilin da zai zama laifin duka ga ɗan wata ashirin ba.

Akwai wani bincike da ya sauya min yadda nake kallon kwanon yaro. A 1991 wata masaniya a Amurka, Leann Birch, da abokan aikinta suka auna duk abin da yara 15 ’yan shekara biyu zuwa biyar suka ci na tsawon kwanaki. Suka ga cewa daga wannan cin zuwa wancan babu tsari ko kaɗan: yau karin kumallo kamar an aiko shi, abincin rana loma biyu. Amma da aka tara na yini guda, sai jimillar ta riƙa zuwa kusan ɗaya kowace rana. Yaron da ya cika ciki da safe yakan rage da rana, wanda ya yi wasa da na rana yakan rama da dare. Jikin yaro yana da lissafinsa, mu ne muke yanke hukunci da kwano ɗaya. Daga irin wannan fahimta ne shawarar wata masaniyar abinci, Ellyn Satter, ta yi suna: iyaye ne ke da ikon zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma shi ke da ikon ko zai ci da kuma yawan da zai ci.

Shawara ce mai kyau, na yi aiki da ita, amma tana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba idan ta iso wayoyinmu. An gina ta ne a kan yaron da lafiyarsa ƙalau, wanda duk abin da aka ajiye a gabansa mai gina jiki ne, kuma zai sake samun wani bayan awa uku. A Jigawa ko Katsina ko Maraɗi ba kowane yaro ne wannan ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara ’yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma samu ƙarancin jini a kashi 68 cikin ɗari na yara ’yan wata 6 zuwa 59. A inda fiye da rabin yara ke cikin wannan hali, “ƙyale shi zai ci” magana ce da sai an duba yaron kafin a faɗe ta. Ƙarancin sinadarin ayon (ƙarfen da jiki ke gina jini da shi) da na zinki su kansu suna rage sha’awar abinci. Tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro, gudawa mai tafiya tana dawowa, ƙurajen baki, ƙyanda, duk haka. Yaro ya ƙi ci saboda jikinsa ya rasa wani abu, ƙin cin ya ƙara masa rashin, abu ya yi ta zagayawa.

To yaya za a bambance? Sikeli ne alƙali na farko. Yawancinmu muna daina zuwa awo da zarar an gama allurar wata tara, katin ya shige ƙasan akwati, alhali daga nan ne haɗarin yake farawa. Idan layin nauyin yaro a kati yana hawa, ko da a hankali, yana wasa, yana ɓarna, yana barci, yana fitsari yadda ya saba, to mai zaɓen abinci ne, kuma haƙuri da dabara ne maganinsa. Idan layin ya kwanta wata biyu ko uku, ko ya yi ƙasa, wannan na asibiti ne. Akwai kuma ɗan tef mai launi uku da ma’aikatan lafiya ke zagaya damtsen yaro da shi daga wata 6 zuwa shekara biyar: kore lafiya, rawaya daga santimita 11.5 zuwa 12.5 gargaɗi ne, ja ƙasa da 11.5 tamowa ce mai tsanani. A wurare da dama a Nijar da arewacin Najeriya ana koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu a gida, kuma ba ya ɗaukar minti ɗaya. Sauran alamun ido na ganinsu: tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, gashi ya yi ja ya yi laushi yana zuba, yaro ya daina wasa ya koma zaman shiru ko ƙananan koke-koke, yana cin ƙasa ko gawayi. Mafi haɗari shi ne kumburin ƙafa biyu, wanda in ka danna da yatsa gurbin zai zauna. Wasu kan ɗauka ƙiba ce ta zo. Wannan yaro a ranar ya kamata a kai shi.

Wannan kumburi shi likitoci ke kira kwashiyoko, kuma sunan daga Ghana ya fito, daga harshen Ga. Wata likita, Cicely Williams, ita ta shigar da shi rubutun likitanci a 1935, kuma ma’anarsa ciwon da yaro ke yi idan aka ture shi daga nono saboda ƙani ya taho. Duk Bahaushiya ta san wannan labari da sunan kwanika. Ciki ya shiga, a ce nonon ya lalace, a cire yaro dare ɗaya, a shafa maɗaci, a kai shi gidan kaka. A rana guda ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani, sannan a yi mamakin ya ƙi koko. Nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma a shekara ta biyu nono yana iya ɗauke kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yaro ke bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu ko fiye, abin da ya yi daidai da shekara biyun da muka sani a addini. Yayen da aka yi a hankali, ana rage nono ana ƙara abinci cikin makonni, shi ne yake barin yaro da cinsa.

Idan tamowa ta yi tsanani, rashin ci alama ce ta ciwon kansa. Shi ya sa a cibiyoyin tamowa ake fara gwada yaro da abincin nan na leda da ake yi da gyaɗa da madara da mai da sukari, wanda aka fi sani da Plumpy’Nut. Leda ɗaya kalori 500 ce, kalori kuwa shi ne ma’aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In ya ci, a ba uwa na mako ta tafi gida. In ya ƙi, a kwantar da shi. A yunwar 2005 a Nijar ne ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta yi jinyar dubban yara da shi a yankin Maraɗi, yawancinsu a gidajensu. Magani ne na yaron da aka rubuta wa, don haka raba shi da ’yan uwansa ko sayar da shi a kasuwa ɗauke wa majinyaci magani ne daga baki.

Yanzu a ce an duba, yaro lafiyarsa ƙalau, zaɓe ne kawai. A nan tambayar da ta fi amfani ita ce: wannan ɗan tumbin mai cin kofi guda, da me muke cika shi? Yaro ɗan wata 12 zuwa 23 da ke shan nono yana bukatar kimanin kalori 550 a rana daga abinci, a ci uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Wanda aka yaye bukatarsa ta fi haka. Mu kuma abin da muka fi ba shi koko ne, kuma mun tsinka shi yadda zai bi ta moɗa ko bulumboti. Tsinkakken koko bai kai nonon uwa ƙarfi ba. Yaro ya sha kofi cike, ciki ya yi tim, ya ƙoshi da ruwa da ɗan ƙullu. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebo da cokali a karkata, in ya zube kamar ruwa ya yi tsinke, in ya tsaya ya sauko a hankali ya yi. Idan yaro ba ya son mai kauri, dabarar tana hannun masu kunun zaƙi tun kaka da kakanni: ɗan garin tsiron gero ko dawa in aka barbaɗa a kunu mai kauri yana sassauta shi ba tare da an ƙara ruwa ba. A sake ɗora shi ya tafasa kafin a ba yaro.

Tunda loma kaɗan zai yi, kowace loma ta zama mai nauyi. Ƙaramin cokalin man gyaɗa ko manja ɗaya kalori 40 ne da ɗoriya, kuma ba ya ƙara wa abincin yawa. Cokalin tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗa a kunu, garin waken suya da aka soya, garin busasshen kifi da aka daka har ƙayarsa ta yi laushi aka tankaɗe, dakakken zogale a miya ko fate, kindirmo a fura. Haɗin nan na gero ko dawa da waken suya da gyaɗa da ake soyawa a niƙa, wanda malaman asibiti ke koya wa mata, ya fi koko zalla nesa ba kusa ba. Sai dai a tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ɗaci a zubar, domin tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta. Kuma gyaɗa ƙwaya-ƙwaya ba ta ƙaramin yaro ba ce, tana iya shiga hanyar numfashi, a niƙa ta tukuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yara ’yan wata 6 zuwa 23 gida takwas, suka ce a samu aƙalla biyar a yini: nonon uwa, hatsi da su rogo da dankali, wake da gyaɗa da danginsu, madara da nono, nama da kifi, ƙwai, ganye da ’ya’yan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da na marmari. Da na fara jin wannan na ɗauka sai mai firiji da albashi. Da na zauna na lissafa sai na ga kunun gyaɗa da safe gida biyu ne, mangwaro ko gwanda ko miyar taushe da kabewa na uku, fura da nono na huɗu, ƙwai ɗaya ko ɗan kifi na biyar. Ƙosai, alale, ɗanwake, awara, kwaɗon zogale da ƙuli, faten wake da alayyahu, duk namu ne. Ba na raina tsadar rayuwa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma akwai gidajen da ko gida biyu daga takwas ɗin sai an yi da gaske, musamman daga faɗuwar damina zuwa kaka lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Irin wannan gida ba nasiha yake bukata ba, taimako yake bukata. Amma akwai gidaje masu yawa da abin yana nan, rabon ne bai kai ga ƙaramin ba.

Rabon nan a duba shi da idon basira. Tsokar nama tana tafiya kwanon maigida, yaro ya samu romo da ƙashi ya tsotsa. Ƙwai kuma har yau akwai masu cewa yana sa yaro sata, maganar da ba ta da tushe, alhali ƙwai ɗaya yana da giram 6 na furotin kuma yaro mai ƙin komai sau da yawa yana karɓarsa. Hanta ’yar kaɗan, sau ɗaya a mako, tana cikin abin da ya fi komai ayon da bitamin A. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar kimanin miligiram 7 na ayon a rana, kuma wanda ke cikin gero da wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Lemo, gwaba, tumatir ko garin ’ya’yan kuka a tare da abincin suna taimaka masa ya shiga. Shayi kuwa yana hana shi. Shayi da burodi ya zama karin kumallon birane, har da ’yan shekara ɗaya, kuma kofin shayi mai sukari uku yana cika ciki, ya kashe yunwa, ya tare ayon, duk a lokaci guda. Madara ma in ta wuce rabin lita a rana tana toshe cin abinci kuma ita ba ta da ayon sosai.

Abin da ya fi cin yunwar ɗana ban gano shi ba sai da na yi kwana uku ina rubuta duk abin da ya shiga bakinsa a bayan wata tsohuwar kalanda. Ashe yaron da nake cewa ba ya cin komai yana cin abu sau goma sha ɗaya a yini. Kawunsa ya shigo da biskit. Maƙwabciya ta ba shi alawa. Yayarsa ta raba masa lemon kwali da ta dawo daga makaranta. Ni kaina, don kada ya kwana da yunwa, in dafa masa taliyar leda in juye duk garin ɗanɗanon. Harshen da ya saba da wannan zaƙi da gishiri, tuwo da miyar kuɓewa ba za su yi masa armashi ba, kuma cikin da ba a bari ya huta awa biyu ba bai san yunwa ba balle ya nemi abinci. Na roƙi mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya, cewa duk mai son ba shi wani abu ya kawo min in ajiye sai bayan ya ci abinci. Kawun ne ya fi jin haushi. Na ce masa, “Yaya, kuɗin biskit ɗin nan ka riƙa sayo masa ƙwai, ni zan gaya masa kai ka kawo.” Ya yi dariya, kuma ya riƙa kawowa.

Ɗura kuwa, haɗarinta na farko a take yake. Yaron da aka kwantar aka toshe wa hanci yana kuka, kunu na iya bin hanyar iska ya sauka huhu, ya jawo ciwon huhu ko ya shaƙe shi nan take. Haɗari na biyu a hankali yake zuwa: yaro ya koyi cewa moɗa da cokali abin tsoro ne. Ɗana ya kai matsayin da in ya hango moɗar nan sai ya ruga bayan ƙofa. Tsawa, barazana da dodo, bin yaro da kwano tsakar gida, kunna masa waya a zura loma bai sani ba, “in ka cinye zan ba ka alawa,” duk suna sa a ci na yau, amma suna koya masa cewa abinci aiki ne da ake yi don wani, alawa kuma ita ce lada. Haka maganin cin abinci da ake saya a kemis ba tare da ganin likita ba. Da yawansu suna ɗauke da wani maganin ƙaiƙayi da mura, sifroheftadin, mai sa barci da jin yunwa, wanda ba a yarda a ba ɗan ƙasa da shekara biyu ba. Mafi muni shi ne irin su deksametason da ake kira sha-ka-fashe: fuska ta kumbura a ce yaro ya yi kyau, alhali garkuwar jikinsa ake raunanawa, girmansa ake tauyewa. Abin da yake da amfani kuma kyauta ne shi ne ɗigon bitamin A duk wata shida da maganin tsutsa daga shekara ɗaya, waɗanda ake bayarwa a makon lafiyar mata da yara.

Lokacin ciwo dabam ne. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa ba a jira ya nema, ana lallaɓa shi da ɗan kaɗan akai-akai, da nono, da abin da ya fi so, da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki in gudawa ce. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, domin a wannan tsakanin ne yake mayar da abin da ya zube. Lallaɓawa da tilastawa ba ɗaya ba ne, kuma kowace uwa ta san inda iyakar take: in ya kau da kai ya rufe baki, a dakata a sake gwadawa an jima. Yaron da kuma yake ƙwarewa ko amai a kusan kowane ci, ko abincin da yake karɓa bai wuce ’yan ƙwarori ba kuma suna ƙara raguwa, ko ga jinkirin magana da rashin kula mutane, shi ma likitan yara ya kamata ya gan shi.

Ga mai zaɓe zalla, abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne maimaici. Yaro na iya bukatar a ajiye masa abu sau takwas, sau goma, har sha biyar kafin ya karɓa, mu kuwa daga na uku mun yanke cewa ba ya so. A sa ɗan kaɗan, kamar cokali guda, a gefen abin da ya saba ci, kada a ce masa komai. In ya taɓa ya yar, an ci gaba. In ya lasa ya tofar, an ci gaba. A bar shi ya sa hannu ya ɓata riga. Cin taro da muka gada yana da amfani a nan, domin babu abin da ke sa yaro cin abu kamar ya ga yayyensa suna rububinsa. Matsalar tire ɗaya ita ce ƙarami ba ya iya tsere da manya, kafin ya gama juya loma ɗaya an sauke. Mafita ita ce tabarma ɗaya, kwanonsa dabam, uwa ta ga abin da ya ci da idonta. Minti ashirin zuwa talatin sun isa, in ya tashi a ɗauke ba faɗa, ba kuma a bi shi da biskit, sai lokacin ci na gaba.

Hajiya ba da bakina ta daina ɗura ba, ba ni da wannan fuskar. Babansu ne ya ɗauke ta muka tafi awo tare, malamar asibiti ta ɗora yaron a sikeli, ta zagaya masa tef ya tsaya a kore, ta nuna mata layin katin yana hawa. Sannan ta ce, “Hajiya, jikanki lafiyarsa ƙalau, amma ɗurar nan mun sha karɓar yaran da ta kai kunu huhunsu.” Hajiya ba ta ce uffan ba har muka iso gida. Washegari da yamma na tarar ta zaunar da shi a gefenta, ta zuba faten wake a ɗan kwanon silba, tana ci daga nata tana cewa, “Maigida, in ba ka ci naka ba kishiyata za ta zo ta cinye.” Ranar loma biyu ya yi ya tashi, ta bar shi. Zogale kuwa sai da ya kusa shekara uku ya fara ci, a kwaɗo, daga kwanon yayarsa.